Birnin Sani Ba Ƙofa Ɗaya Gare Shi Ba

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata gardama da ta daɗe tana zagaya ɗakunan kwananmu da gindin itatuwan da muke shan iska, ba ta mutuwa, ba ta kuma kai kowa ga matsaya. Ɓangare guda yana cewa duk abin da bai fito daga ɗakin gwaje-gwaje ko littafin Bature ba camfi ne, kuma ranar da mutanen karkara suka yar da shi, ran nan za su ci gaba. Ɗaya ɓangaren kuwa cewa yake yi abin da muka gada kaka da kakanni ya ishe mu, boko bai kawo mana kome ba sai raina na gaba. Kowane ɓangare da bakinsa, kowane da misalansa, ana tashi baram-baram, gobe a sake ɗaukowa daga inda aka tsaya.

A namu ganin, duka ɓangarorin biyu sun yi tuya sun manta da albasa. Hanyoyin da ɗan Adam yake bi ya san duniya suna da yawa, kowace tana da fagen da ta fi ƙarfi, kowace kuma tana da ramin da take faɗawa. Abin da ke ba hanya daraja shi ne ta yarda a bincike ta, in an kama ta da kuskure ta gyara. Tsufa ba ya ba ta wannan daraja, sabunta ma haka, balle launin fatar wanda ya zo da ita. Kada kuwa a ɗauka wannan zancen masu son surutu ne kawai. Mu ne gobe za a miƙa wa asibiti da gona da aji da kotu, kuma irin yadda muka fahimci sani, shi zai nuna ko za mu amfani jama'a ko mu cuce su.

Harshenmu kansa ya riga mu gane wannan al'amari. Bahaushe bai tara kome cikin kalma ɗaya ba. Yana da sani, yana da ilmi, yana da ganewa da fahimta, yana da hankali da basira, yana da hikima da dabara da wayo. Yakan ce wane yana da ilmi amma ba shi da hankali, kowa kuma ya gane abin da yake nufi. Ashe ke nan birnin sani kamar birnin Kano yake, ganuwa ɗaya, ƙofofi da yawa. Bari mu zaga mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta farko ita ce ta gaɓɓai, watau gani da ji da taɓawa da ɗanɗano da sansana. Ita ce kowa ya fara shiga tun yana cikin zanen goyo, kuma saboda amincewa da ita aka ce gani ya kori ji. Amma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa ido tambayoyin da har yau bai amsa ba. A littafin da ya ba da tarihin neman yaƙininsa, ya kawo misalin inuwa: ido yana ganinta a tsaye cik, alhali kuwa tafiya take yi a hankali, sai bayan sa'a guda mutum ya lura ta gusa. Ya kuma kawo misalin tauraro, wanda ido ke gani kamar ƙwandala, lissafi kuwa ya nuna ya fi duniyarmu girma.

Wannan rauni na ido ya taɓa cin rayuka a gabanmu. A shekarar 2010, a waɗansu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara suka riƙa suma suna mutuwa. Iyayensu ba makafi ba ne, ba kuma marasa kula ba ne. Duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana niƙawa suna ɗauke da dalma, ƙurarta ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, ba ta da wari, ba ta da wata kama da za ta bambanta ta da sauran ƙura. Sai da likitoci suka ɗebi jinin yaran aka auna, sannan aka gano gubar. Kafin a shawo kan abin, yara fiye da 400 sun rasu. Duk ƙwarewar dattijo, idonsa ba zai ga dalma a cikin jini ba.

Ƙofa ta biyu ita ce hankali, wanda yake kai mutum inda ƙafarsa ba ta taka ba. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wani masani mai suna Eratosthenes, mai kula da babban ɗakin littattafai na Iskandariya a Masar, ya sami labarin cewa akwai wata rana a shekara da sanda ba ta yin inuwa da tsakar rana a garin Aswan. Ya auna inuwa a Iskandariya a irin wannan rana, ya ga karkatarta ta yi kashi 1 cikin 50 na da'ira. Sai ya ce, in haka ne, nisan da ke tsakanin garuruwan nan biyu shi ne kashi 1 cikin 50 na kewayen duniya. Da sanda da inuwa da tunani ya auna duniya, amsarsa kuwa ba ta yi nisa da kilomita 40,000 da aka tabbatar yau ba. Mu ma muna da namu a wannan fage. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan ƙa'idojin tsara hatimin lissafi, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimla ɗaya. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yanzu.

To, amma hankali in ya kulle kansa a ɗaki, ya ƙi fita ya duba, yakan gina soro a kan yashi. Aristotle, duk da girmansa a falsafa, ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa gwargwadon nauyinsa. Maganar ta yi daɗin ji, aka yi ta karantar da ita kusan shekara 2,000, har Galileo na ƙasar Italiya ya zo ya riƙa gangaro da dunƙulen ƙarfe a kan katako yana auna lokaci, ya nuna ba haka abin yake ba. A 1971 wani ɗan sama jannati, David Scott, ya tsaya a kan wata, inda babu iskar da za ta tare kome, ya saki guduma da gashin tsuntsu tare, suka taɓa ƙasa tare.

Ƙofa ta uku ita ce ji daga wani, watau labari ko ruwaya, kuma ita ce ta fi kowace faɗi. Malam mai karatu, ƙirga abin da ka sani, ka ware wanda ka gani da idonka ko ka gano da kanka, ka ga ɗan abin da zai rage. Ranar haihuwarka gaya maka aka yi. Ɗalibin kimiyyar da yake yi wa kakarsa dariya don ta ce haka ta ji daga manya, shi ma galibin abin da ke cikin kansa daga allo da littafi ya ji shi, bai taɓa ganin ƙwayar zarra ba. Saboda haka dogara ga labari ba abin kunya ba ne, tilas ne. Abin tambaya shi ne yadda ake tace shi. Malaman hadisi irin su Imam Buhari, wanda ya rasu a 870, sun kafa ilmi sukutum a kan wannan: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya, sun haɗu, an san shi da gaskiya, haddarsa tana da ƙarfi? Ibn Haldun kuma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ƙara wani ma'auni ga masu rubuta tarihi, cewa a gwada labari da yadda al'amuran duniya ke gudana, har ya soki marubutan da ke ambaton rundunonin da ƙasarsu ba za ta iya ciyarwa ba.

Ina wannan tacewa take a yau? A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bi wayoyi cikin dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne rigakafi. Kafin gari ya waye ya game ƙasa, masu digiri da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba duk aka tashe su da asuba. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, waɗansu kuma aka kwantar da su a asibiti. Ba wanda ya tsaya ya tambayi asalin zancen. Jikokin masu bin diddigin isnadi ne suka karɓi magana marar uwa marar uba don kawai ta fito daga cikin waya.

Ƙofa ta huɗu ita ce sabo, ilmin da yau da gobe ke zubawa a hannu da ido. Shi ne na maƙerin da ke duban launin ƙarfe ya san lokacin duka ya yi, da na marinin Ƙofar Mata da ke duban kumfar baba ya san rini ya nuna, da na Bafillatanin da ke gane saniya marar lafiya daga tafiyarta. Galibin masu wannan ilmi ba su iya zayyana shi da baki, shi ya sa ɗan boko ke zaton babu shi. Ga kuma lissafin taurari da manomanmu da malaman zaure ke bi: taurari 28, kowane kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365 daidai. Da shi suke bin sawun damina, suna lura da shigar Zira'a da Nasara da Ɗarfa, su san lokacin da shuka ta makara da lokacin da ruwa ke nauyi.

Hujja mafi ƙarfi a kan darajar wannan ƙofa daga jami'a ta fito. Shekara da shekaru malaman gona suna yi wa manomi faɗa ya bar cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai wannan aikin rashin sani ne, ya shuka iri ɗaya a jere kamar yadda ake yi a Turai. Manomi ya ce to, ya ci gaba da abinsa. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1970, wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, suka shiga ƙauyukan Zariya da Sakkwato da Bauchi suna auna gonaki, suna ƙirga awoyin aiki da abin da aka girbe. Sakamakon ya nuna manomin ne da gaskiya a halin da yake ciki: gaurayen shuka ya fi ba shi amfani a kan fili ɗaya, ya fi biyan wahalarsa a lokacin noma da hannu ke ƙaranci, kuma in ruwa ya yi gardama wani iri ya lalace, wani zai tsira. Kimiyya ta kuma bayyana dalilin da ya sa wake ke gyara ƙasa, watau waɗansu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwarsa suna kamo sinadarin naitirojin daga iska. Haka nan gawo, wanda manomi ba ya sarewa: yana kaɗe ganyensa da damina, ya ba shuka taki ba tare da ya yi mata inuwa ba. Manomi ya san abin yana aiki tun kafin a haifi wanda ya gano dalilin.

Sai dai a nan ne kuma sabo yake da rauni. Yana iya gane cewa abu kaza yana tafiya tare da abu kaza, amma ya kuskure sanadi. Mutanenmu sun lura zazzaɓi ya fi yawa da damina, wannan gaskiya ne, sai waɗansu suka ɗora laifin a kan sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa. Turawa ma sun lura ya fi yawa kusa da fadama, suka ɗora laifin a kan mugunyar iska, daga nan ma sunan maleriya ya samo asali a harshen Italiya. Duka biyu sun ga daidai, sun fassara ba daidai ba. Sai a 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Camfi dai ba shi da ƙabila.

Wannan ya kawo mu ga gwaji, wanda shi ne zuciyar abin da muke kira kimiyya. In an duba da kyau, gwaji bai zo da sabuwar gaɓa a jikin ɗan Adam ba. Tsari ne na sa ƙofofin nan su riƙa tsaron juna: ido ya lura, hankali ya kawo zato, hannu ya gwada, a rubuta yadda aka yi dalla-dalla don wani a wata ƙasa ya maimaita ya ga ko zai sami abin da aka samu. Ba kuma gadon wata al'umma ɗaya ba ne. Ibn Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, da irin wannan tsari ya tabbatar, shekara 1,000 da suka wuce, cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo.

Dubi abin da ke faruwa in gado da gwaji suka haɗa hannu. A ƙasar Sin, wata masaniya mai suna Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta sami wani ganye dangin tazargade, amma da aka dafa shi sai ƙarfinsa ya riƙa raguwa. Wani littafi na ƙarni na 4 ya ambaci jiƙa ganyen a ruwa a matse, ba a dafa ba, daga nan ta gane zafi ne ke kashe sinadarin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki. Daga wannan ne aka sami magungunan zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yau, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Da ta raina littafin kakanninta, da ba ta samu ba. Da kuma ta tsaya ga littafin ba ta gwada ba, da maganin bai wuce ƙauye ba, domin an jarraba ɗaruruwan haɗe-haɗe na gargajiya a wannan aiki, galibinsu ba su yi kome ba.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga bakin mai farar riga ya zauna ke nan har abada. A shekarun 1970, likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da shan kunun kanwa. Aka daɗe ana koyar da haka. Daga baya wani bincike mai faɗi a asibitocin Nijeriya, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, aka buga sakamakonsa a 2020, bai sami wannan alaƙa ba, sai ya nuna rama da hawan jinin masu ciki da rashin karatu da rashin abin yi. Wani zai ce, ka ga ni, su ma ba su da tabbas. Mu kuwa muna ganin nan ne ƙarfin abin yake, domin ɗalibi ya sake auna maganar malaminsa, ya fito da abin da ya samu a fili, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya.

Saura wahayi, wanda ga mai imani shi ne tushen sanin abin da ido da awo ba su kai gare shi ba: dalilin zuwanmu duniya, halal da haram, da makoma. Malamanmu na da ba su ga wata rigima tsakaninsa da sauran ƙofofi ba. Ibn Haldun ya kasa ilmi gida biyu, na naƙali da ake karɓa daga nassi, da na hankali da dukan al'ummomi suka yi tarayya a cikinsa, kamar lissafi da likitanci da sanin taurari. Ma'aunin zafi ba zai gaya maka ko zalunci yana da kyau ba. Haka kuma ba a buɗe littafin fiƙihu don a san yawan dalmar da ke cikin jinin yaro. Rikici yana tasowa ne in an kai tambaya ƙofar da ba tata ba.

To, mene ne abin yi? Muna da shawara uku. Ta farko, kowane ɗayanmu ya saba wa kansa da tambayoyi uku a gaban kowace magana, ko daga farfesa ta fito, ko daga mai wa'azi, ko daga kaka, ko daga waya: yaya aka yi aka sani, wa ya gani ko ya auna, kuma mene ne zai nuna maganar ba daidai ba ce in har ba daidai ba ce? Matambayi ba ya ɓata, kuma tambaya cikin ladabi ba raini ba ce.

Ta biyu, mu dubi kundayen da muke rubutawa a shekarar ƙarshe. Maimakon kwafe abin da aka riga aka kwafe sau goma, ɗalibin noma ya je ya auna abin da manoman garinsu ke yi, na haɗa magunguna ya ɗauki saiwa ɗaya da ake sha a unguwarsu ya gwada ta, ya faɗi amfaninta in akwai, ya faɗi illarta ga hanta ko ƙoda in akwai, na harshe da tarihi kuma ya zauna gaban tsofaffi da abin ɗaukar magana tun suna raye. A rubuta sunan wanda ya ba da ilmin, a kuma koma a gaya masa abin da aka samu da harshen da yake ji.

Ta uku, muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, wadda ba ta gajiya da gayyatar 'yan siyasa su yi mana lacca, ta riƙa gayyatar sarkin noma da ungozoma da maƙeri da makiyayi, a zaunar da su a kan kujera ɗaya da malaman sashen da abin ya shafa. A yi musu tambaya, su ma su yi tambaya. Inda suka yi daidai a rubuta, inda al'ada ke cutarwa, kamar yankan gishiri da ke jawo wa mata yoyon fitsari, a faɗa musu gaskiya ba tare da cin fuska ba. Mutum ya fi karɓar gyara daga wanda ya taɓa sauraronsa.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne a fagen zaman duniya. Amma yaron da aka ba madubin likita yana ganin abin da ke cikin ɗigon ruwan rijiya, wanda babba bai taɓa gani ba, kuma duka biyun daga rijiyar nan suke sha. Iyayenmu da suka sayar da amfanin gona da dabbobi suka turo mu nan ba su aiko mu don mu koma mu raina su ba, ba kuma don mu koma yadda muka zo ba. Sun aiko mu ne mu ƙaro wa gida wata ƙofa. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kuma ba mu hankalin riƙe shi.